Kafin ka miƙa wa ɗan'uwanka magani, san abin da bairos ke yi a jikinsa

'Yan'uwana matasa, akwai ɗabi'ar da ta yi mana katutu, kuma tana damuna ƙwarai. Da zarar jikin ɗayanmu ya yi zafi, kai na sara, gaɓoɓi na ciwo, sai abokai su rikiɗe su zama likitoci. Wannan ya ce maleriya ce, wancan ya miƙo ragowar antibayotik ɗinsa, wani ya ce a haɗa da asfirin. Ba wanda ya tsaya ya tambayi mene ne ya shiga jikin, balle me yake yi a ciki.

Sauro ba maleriya kaɗai yake kawowa ba. Maleriya aikin wata halitta ce mai suna Plasmodium, wadda sauron Anofilis ke ɗauka. Shi kuwa sauron Aedes, mai ɗigon fari a ƙafafu, wanda ya fi cizo da rana, bairos yake ɗauka, wato ƙwayar cutar da ba ta iya hayayyafa sai a cikin ƙwayoyin halittar wani: dengi, Zika, zazzaɓin shawara da cikungunya. A 2024 kaɗai, Hukumar Lafiya ta Duniya ta samu rahoton mutum sama da miliyan 14 da suka kamu da dengi. Saboda haka ku ba ni hankalinku, mu bi bairos ɗin dengi mu ga yadda take hayayyafa, domin wanda ya gane wannan ba zai sake yi wa kowa shaci-faɗin magani ba.

Faɗinta kusan nanomita 50 ne (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita). Abin da ke cikinta zare ɗaya ne na RNA, wato saƙon gadonta, mai haruffa kusan 11,000, kuma furotin 10 kacal take iya yi da shi. Ba ta da ribosom, wato injin ƙera furotin, ba ta samar da makamashi, ba ta iya haɗa kitsen da ake gina tantani da shi. Duk abin da ta rasa, a cikin ƙwayar halittarka take samunsa.

Tun shigarta ma da taimakonka ne. Ƙwayar halittar tana haɗiye ta cikin wata 'yar jaka, sannan ta riƙa ƙara wa jakar tsami don ta narkar da abin da ta haɗiye. Tsamin nan shi bairos ɗin take jira. Yana taɓa furotin ɗin da ke lulluɓe da ita, mai suna E, sai ya sauya siffa, ya kafe kansa a bangon jakar, ya jawo tantaninta da na jakar har su haɗe, zaren RNA ya zube ciki. Ribosom ɗinka ba ya tambayar daga ina saƙo ya fito. Karantawa yake yi, ya saƙa doguwar sarƙar furotin guda ɗaya mai amino asid, wato tubalan furotin, sama da 3,000, a jikin ragar tantanin nan da masana ke kira ER, inda ƙwayar halitta ta saba ƙera furotin da kitsenta. Sarƙar ba ta da amfani sai an yayyanka ta, kuma almakashi biyu ke yankan: na bairos ɗin, wato furotin ɗinta masu suna NS3 da NS2B, da kuma naka, wanda aikinsa na yau da kullum shi ne gyara furotin ɗin jikinka.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne matakin da ke biye. Don ta kwafi RNA ɗinta, dole a wani lokaci a samu zare biyu manne da juna, kuma jikin ɗan Adam ya san wannan siffa alamar baƙo ce. Akwai masu gadi a cikin ƙwayar halitta, irin su RIG-I da MDA5, waɗanda da sun ga zare mai ruɓi biyu suke tayar da sinadarin intaferon ya faɗakar da maƙwabta. To yaya take kauce musu? Furotin ɗinta, musamman NS4A da NS4B da taimakon NS1, suna lanƙwasa tantanin ER zuwa ciki, kamar ka danna yatsa a jikin balan-balan, har a samu wani ɗan aljihu. A 2009 masana a Jami'ar Heidelberg ta Jamus suka ɗauki hoton waɗannan aljihuna ta kowace fuska da madubin lantarki. Faɗin kowanne kusan nanomita 90 ne, da ɗan baki ɗaya na kusan nanomita 10, inda kayan aiki ke shiga, sabon RNA ke fita. A cikin aljihun, furotin ɗinta NS5, injin kwafin RNA, ke ta kwafi, masu gadi na waje ba su gani. Gina aljihuna da yawa yana cin kitse, sai NS3 ya jawo injin haɗa kitsen ƙwayar halittar zuwa wurin. NS5 kuma yana sa a ruguza STAT2, furotin ɗin da ke isar da saƙon intaferon, ta yadda ko an yi kururuwa ba mai amsawa. Har sabbin 'ya'yan da aka harhaɗa ba sa iya harbin kowa sai sun bi ta Golji, sashen ƙwayar halitta da ke shirya kayan da za a fitar waje, inda wani almakashin naka mai suna furin ke yi musu yankan ƙarshe.

Wannan ba hasashe ba ne. A 2016 masana a Jami'ar Stanford da Jami'ar Washington da ke St. Louis a Amurka suka yi amfani da fasahar CRISPR, ta gyara ƙwayoyin gado, suna kashe ƙwayoyin gadon ɗan Adam ɗaya bayan ɗaya a ɗakin gwaji, don su ga wanne ne idan babu shi bairos ɗin za ta kasa. Akasarin waɗanda suka fito masu aiki ne a jikin ER.

Yanzu ka dubi antibayotik ɗin da ka miƙa. Wasu bangon bakteriya suke rusawa, wasu ribosom ɗin bakteriya suke toshewa. Bairos ba ta da bango irin wannan, ribosom ɗin da take aiki da shi kuma na majinyacin ne. Babu abin da maganin zai kama, sai dai ya koya wa bakteriyar cikinsa jure magani. Asfirin da ibufurofen kuwa haɗari ne ƙarara, domin dengi na rage ƙwayoyin da ke daskarar da jini, su kuma suna ƙara buɗe ƙofar zubar jini. Farasitamol da yawan shan ruwa ne abin da likitoci ke bayarwa, bayan an yi gwajin jini an san abin da ake fama da shi. Wallahi, tausayi ba tare da sani ba yana iya kai ɗan'uwanka gadon asibiti.

Ku kuma ɗaliban kimiyya, ku daina haddace sunayen NS1 zuwa NS5 don jarrabawa kawai. Har yau babu maganin da aka amince da shi na kashe dengi kai tsaye, kuma dalilin yana cikin abin da muka bi: idan ka toshe furotin ɗin ɗan Adam da bairos ke jingina da shi, kana iya hana dengi da Zika da zazzaɓin shawara lokaci guda, amma kana iya cutar da ƙwayar halittar kanta. A 2021 masana a Jami'ar Leuven ta Beljiyam da abokan aikinsu suka bayyana wani sinadari da ke hana NS3 da NS4B haɗuwa, wato ya hana a kafa wurin kwafin tun farko. Fagen a buɗe yake, yana buƙatar masu haƙurin karatu. Zazzaɓin shawara dai yana da rigakafi tun 1937 da Max Theiler ya samar da shi, allura ɗaya ta isa tsawon rai, don haka wanda bai yi ba ya je ya yi.

Idan kana jinyar mai dengi, kada saukar zazzaɓi ta ruɗe ka. Awa 24 zuwa 48 bayan jiki ya yi sanyi su ne mafi haɗari, lokacin da ruwan jini ke iya tsiyayewa daga jijiyoyi. Dengi iri huɗu ce, kuma wanda ya taɓa yin ɗaya ya sake kamuwa da wata ya fi shiga haɗarin mai tsanani. Ciwon ciki mai ƙarfi, amai ba ƙaƙƙautawa, jini a dasashi ko hanci, kasala ko rashin natsuwa, ko ɗaya ka gani, ka ɗauke shi zuwa asibiti a lokacin, ko da tsakar dare ne.