Ɗaya cikin 146

Assalamu alaikum warahmatullah, 'yan uwa.

Shekaranjiya bayan sallar asuba sanyi ya kora ni teburin mai shayin bakin layinmu a Anguwar Rogo. Wanda ya san Jos a watan Disamba ba sai na yi masa bayani ba: hannu a aljihu, baki na fitar da hayaƙi, kowa ya naɗe kai da rawani ko hular sanyi. Na ce a soya mini ƙwai biyu, kada a kaɗa. Ina tsaye ya fasa na farko a kasko. Farin nan da yake ruwa-ruwa kamar yauƙin kuɓewa, har ana hango ƙasan kaskon ta cikinsa, kafin ka ƙirga goma ya yi fari fat ya daskare. Na ga wannan sau ba adadi, amma ranar sai na tsaya ina kallo, har mai shayin ya ce, "Malam, lafiya dai? Ko a ƙara albasa ne?"

Na ce masa lafiya lau. Tunani ne ya ɗauke ni, domin irin abin da ya daskare a kaskon nan da shi Allah Ya gina ni, da shi Ya gina mai shayin.

Farin ƙwai kusan kashi 90 cikin 100 ruwa ne, yawancin abin da ya rage kuma furotin ne, wanda muka saba kira sinadarin gina jiki. Ka ɗauki furotin kamar carbi mai tsawo. 'Ya'yan carbin su ake kira amino asid, iri 20 ne. Kowane furotin da irin jerinsa: wannan ya fara, wancan ya biyo, har ƙarshen zaren, kuma jerin a rubuce yake cikin DNA ɗin da muka gada daga iyaye. Sai dai carbin ba ya zama a miƙe. Cikin 'ya'yan nan wasu suna son ruwa, wasu suna gudunsa kamar yadda man gyaɗa ke yi. Da an gama jera su sai zaren ya murɗe ya naɗe, masu gudun ruwa su ɓuya a ciki, masu son ruwa su tsaya a waje, har ya ɗauki wata siffa tasa shi kaɗai. Da wannan siffar yake aiki, kamar yadda mabuɗi ba ya buɗe kwaɗo sai haƙoransa sun dace. Zafin kasko warware naɗin yake yi, zaren ya cakuɗe da na maƙwabtansa. 'Ya'yan carbin suna nan, ba ko ɗaya da ya ɓata, amma siffar ta tafi, kuma ko ka sa soyayyen ƙwan a firji shekara ba zai koma ruwa ba. Haka ruwan tsami ke yi wa madarar waken suya ta zama awara, haka madara ke kamawa ta zama kindirmo.

Lokacin da Fir'auna ya tambayi Annabi Musa, alaihis salam, wane ne Ubangijinku, amsar da ya bayar tana cikin Suratu Ɗaha, aya ta 50: Ubangijinmu Shi ne wanda Ya bai wa kowane abu halittarsa, sannan Ya shiryar. Ni ba malamin tafsiri ba ne, kuma ban ce ayar furotin take nufi ba, kada wani ya ɗauki maganata ya kai ta inda ban kai ta ba. Amma duk lokacin da na tuna yadda ɗan zaren da ido ba ya gani yake karɓar siffarsa, sannan ya nufi aikinsa ba tare da ya yi makuwa ba, ayar nan ce ke faɗo mini a rai.

Aikin kuwa ba ya ƙirguwa. Ka tauna burodi ka daɗe ba ka haɗiye ba, za ka ji ya soma zaƙi: wani furotin ne a yawunka, amilas, yake yanka sitaci ya mai da shi sukari. Gashinka da farcenka, da ƙahon ragon layya da kofatonsa, keratin ne. Farfesun ƙafar sa da ya kwana a sanyin Jos ya wayi gari ya kama yana rawa a kwano, kolajin ne ya narke ya fito daga fata da jijiya da guringuntsi. Shi ne furotin da ya fi yawa a jikin mutum, shi ya riƙe fatarka da gaɓoɓinka. Tsokar da kake ruku'u da sujada da ita, furotin iri biyu ne ke jan juna kamar masu jan guga. Insulin, wanda masu ciwon sukari ke saye da kuɗi masu yawa suna adanawa a wuri mai sanyi, 'ya'yan carbinsa 51 ne kacal, kai kuma jikinka yana yi maka shi kyauta bayan kowane cin abinci, ba ka taɓa sanin lokacin ba. Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne na cikin madubin ido. Wani ɓangare nasa tun kana ciki aka yi shi, ba a sake shi, shi ne zai yi ta wuce da haske garau shekara 60, 70. Ranar da ya soma cakuɗewa kamar farin ƙwan mai shayi, ranar ce ake cewa Baba ya yi yanar ido.

Bari in ɗan ratse, tunda ƙwai ya kawo mu. Cikin amino asid 20 ɗin nan, 9 jikinmu ba ya iya ƙera su, sai an ci. Amma har yau akwai gidajen da ake hana yaro ƙwai wai kada ya koyi sata, a yaye shi a bar shi da koko tsura safe da yamma, tsokar miya kuwa ta maigida ce. Daga nan sai ƙafa ta kumbura, gashi ya yi ja ya yi laushi, a ce iska ce ko maita, alhali tamowa ce. Na san halin da ake ciki, nama ya yi wa talaka nisa. To wake fa, da gyaɗa, da ƙuli-ƙuli, da waken suya, da nono? Abin da hatsi ya gaza a kai wake yana cikewa, abin da wake ya gaza hatsi yana cikewa, shi ya sa koko da ƙosai ko garau-garau ba abincin rainawa ba ne. Ga kuma acca da Allah Ya hore mana a Filato. Yaron da ke girma ya fi kai da ka gama girma buƙatar ƙwan nan.

In dawo kan abin da ya sa na ɗauki waya nake wannan rubutu.

A cikin jajayen ƙwayoyin jininmu akwai furotin mai suna himogulobin, shi ne ɗan dakon iskar oksijin daga huhu zuwa ko'ina a jiki. Zare huɗu ne suka naɗe suka rungumi juna: biyu masu 'ya'ya 141, biyu masu 146, kowanne riƙe da ɗigon sinadarin ƙarfe inda iskar ke maƙalewa. Ƙwayar jini guda tana ɗauke da irinsa kusan miliyan 270, ɓargonka kuma yana fitar da sababbin ƙwayoyi sama da miliyan 2 a kowace daƙiƙa, kana barci ko kana rigima a Facebook. Wani masani a Kambirij ta Ingila, Max Perutz, ya kwashe shekara 22 kafin ya gano siffar wannan furotin guda ɗaya, aka ba shi kyautar Nobel a 1962. A 2024 ma an sake ba wasu masana wannan kyauta saboda manhajar kwamfuta da ke hasashen yadda furotin zai naɗe. Duk wannan girmamawa ta wanda ya gane siffar ce kawai. Wanda Ya tsara ta, mu nawa ne muka taɓa yi maSa sujadar godiya saboda numfashi?

Yanzu ka koma kan zaren nan mai 'ya'ya 146, ka ƙirga zuwa na 6. A wurin mafi yawan mutane wani amino asid ne mai son ruwa, gulutamik asid. A wurin wasu kuma an sami canji, balin ne ya zauna a gurbin, shi kuwa mai gudun ruwa ne, ga shi a waje inda ba wurin ɓuya. Sauran 145 duk daidai suke. Da himogulobin ya sauke iskar da ya ɗauko, sai wannan ɗan wurin ya nemi inda zai ɓoye kansa, ya manne a jikin na kusa da shi, wancan ma ya manne da na gaba, su yi ta jeruwa su zama sanduna a cikin ƙwayar. Ƙwayar da take zagayayya mai laushi, mai iya matsewa ta bi ƙananan hanyoyin jini, sai ta lanƙwashe kamar lauje ta yi tauri, ta toshe hanya. Maimakon ta yi kwana 120, a kwana 10 zuwa 20 ta fashe. Wannan shi ne amosanin jini, sikila. Vernon Ingram ne ya gano a shekarun 1950 cewa bambancin bai wuce amino asid guda ba.

Guda ɗaya. Amma ka tambayi uwar da ta raini mai sikila a garin nan me guda ɗayan nan yake nufi. Muna da maƙwabciya, ɗanta bai wuce shekara 9 ba. Sanyi yana cikin abubuwan da ke tayar da ciwon, tare da ƙarancin ruwa a jiki da zazzaɓi, saboda haka hunturun da mu muke shan shayi muna raha, ita fargaba take kwana da ita. Da tsakar dare za ka ji ƙarar murhu, tana ɗora ruwa tana gasa masa ƙafa da tsumma, shi kuma yana cewa, "Umma, ƙashina, kamar ana sara." Idonsa ya yi ɗorawa. Gari na wayewa a nemi ɗan Keke zuwa asibiti, a ce jini ya yi ƙasa, a shiga neman wanda zai bayar. Yaron nan ya fi yawancinmu haddar Juz'u Amma, kuma ban taɓa jin uwarsa ta faɗi abin da ya wuce "Alhamdulillahi ala kulli halin" ba.

Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa a duniya yawan masu wannan ciwo. Ƙiyasin da hukumomin lafiya suka saba kawowa shi ne jarirai kusan 150,000 a shekara. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a ƙasar nan AS ne, wato ya gaji mai canjin daga ɗaya cikin iyayensa, lafiyayyen kuma daga ɗayan. Shi lafiyarsa ƙalau, har ma yana da wata kariya daga mummunan zazzaɓin cizon sauro, ka ga hikimar Ubangiji a inda ba ka zata ba. Matsalar tana zuwa ne in AS ya auri AS. Kowane ciki, akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi SS, wato mai sikila, wanda ya gaji mai canjin daga uwa da uba. A lura, kowane ciki lissafinsa daban. Ba wai in an haifi ɗaya mai ciwon sauran ukun sun tsira ba. Akwai gidan da 'ya'ya uku a jere duk SS ne, akwai wanda ba ko ɗaya. Kuma gwajin nan daban yake da rukunin jini. Wanda ya ce maka "ai ni O ne" bai amsa tambayar ba.

Kwanaki wani ƙanena a unguwa ya same ni, ransa a ɓace. An kai kuɗin gaisuwa, an fara maganar sa rana, sai aka yi gwaji, shi AS ita AS. Ya ce, "Yaya, ai komai ƙaddara ce. Wanda Allah Ya rubuta zai yi ciwo sai ya yi. Wannan gwaje-gwajen ba rashin tawakkali ba ne?"

Na ce masa, "Ƙanena, an yi wa wanda ya fi mu wannan tambayar." Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, ya kama hanyar Sham, a wani wuri da ake kira Sarg labari ya iske shi cewa annoba ta ɓarke a can. Ya yi shawara, ya yanke a juya. Abu Ubaida ɗan Jarrah ya ce, gudun ƙaddarar Allah za a yi? Umar ya ce, na'am, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Sannan ya buga masa misali da mai raƙuma da ya sauka a kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe: duk inda ya kiwata, ba da ƙaddarar Allah ya kiwata ba? Bukhari da Muslim duk sun kawo wannan. Ban ce masa auren haramun ne ba, wannan ba hurumina ba ne, ya je ga malamai da likitoci. Na dai ce ya zo mu je ya zauna da maƙwabciyar tamu na awa ɗaya kafin ya yanke shawara, domin zafin da ake magana a kai, ba shi zai ji shi a ƙashinsa ba.

Laifin ma a ganina ba nasa ba ne, namu ne manya. Me ya sa sai an shaƙu, an kai lefe, dangi sun ɗinka anko, sannan a tuna da gwaji? A lokacin fasawa ta zama kamar cire haƙori ba allura. Uba ya san na 'ya'yansa tun suna firamare. Saurayi ya san nasa kafin ya fara zuwa zance. A yi shi a wurin da aka amince da aikinsu, in da hali a maimaita a wani wurin, domin ana samun kuskure. Wanda kuma ya sayi takardar ƙarya ya rubuta AA don kada a hana shi, ya ji tsoron Allah. Waliyyi zai iya ruɗa, amma jinin jaririn ba ya karanta takarda.

Waɗanda Allah Ya riga Ya jarrabta kuma, mu kama bakinmu a kansu. A daina cewa "ai ba ya daɗewa" a gaban yaro yana ji. Da kulawa akwai masu sikila da suka yi karatu, suka yi aure, suka ga jikoki. A daina ɗora wa uwa laifi ita kaɗai har a kai ga saki ko gori, domin rabi daga uban ya fito. A daina yawon neman wanda ya kama kurwarsa, a bar maƙwabta da kishiyoyi su huta da zargi. Addu'a da ruƙya ba su hana gidan sauro, da yawan shan ruwa, da rigar sanyi da safa, da zuwa asibiti kan lokaci, da shan maganin da likita ya rubuta.

In kana da mai sikila a layinku, daren nan na hunturu ka leƙa ka tambayi uwarsa ko akwai gawayi, ko bargon ya isa. In kana da lafiya kuma likita ya ce jininka ya dace, ka bar musu lambarka. Yaron maƙwabciyarmu yana kwance tun ranar Talata, an ƙara masa leda ɗaya, ana jiran a ga ko zai buƙaci ta biyu. Ku sa shi a addu'a. Allah Ya ba shi lafiya, da shi da sauran marasa lafiyarmu na gida da na asibiti.