Idan yaro ya ce ya gaji da zama

Assalamu alaikum iyaye, Allah Ya shirya mana zuri'a. Hutu ya zo, yaro ya biyo ki madafa yana ƙunƙuni wai ba shi da abin yi, sai ki miƙa masa waya don ki samu sararin girki. A nan ɓarnar take farawa: ya gane kuka ne ke kawo waya, gobe zai ƙara masa tsawo. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ba da shawara a 2019 cewa ɗan shekara 2 zuwa 4 kada ya wuce awa ɗaya a rana yana kallon waya ko talabijin, jariri kuwa sam.

Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Rubayyi'u bint Mu'awwiz (RA) cewa suna sa yaransu azumin Ashura, su haɗa musu abin wasa na ulu, wanda ya yi kukan abinci a ba shi abin wasan har lokacin buɗa baki. Ku lura, tun kafin kukan ya zo suka yi tanadi.

Mu ma mu tanada. A samu kwali a zuba murafen kwalba, ƙyallayen atamfa daga wajen tela, karan dawa, zare, fensir da takarda. A raba kayan kashi uku, a riƙa fito da kashi ɗaya duk mako, domin abin da ido ya saba gani kullum ba ya ɗaukar hankalin yaro. Kara ya fi motar kanti daɗewa a hannunsa: da shi zai ƙera mota, ta karye, ya sake wata, alhali ta kanti kallo kawai take nema. Waɗanda suka tasa a haƙa musu gurbin dara a tsakar gida, layi 5 na rami shida-shida, kowa da 'ya'ya 12.

Ki zauna da shi kamar minti goma ya kama hanya, sannan ki janye. Zai dawo yana mita, ki ce masa, "Je ka gwada, ina nan." Kada ki gyara masa abin da ya haɗa ko da tayar ta karkace, yawan gyara ne ke sa yaro ya ajiye hannu ya jira babba. Tsintar shinkafa da ɓarar gyaɗa ma wasa ne a wurinsa idan ba da tsawa aka sa shi ba.

Amana kuma tana nan: ɗan ƙasa da shekara 3 ba a bar masa tsakuwa, murfi ko ƙaramin batir, yana iya haɗiyewa. A rufe rijiya, a kife bokitin ruwa. Magariba na yi a shigo da su, haka Annabi (SAW) ya umarta, bayan isha'i kaka ko yaya ta buɗe musu tatsuniya da kacici-kacici.