Mai shayi ba jahili ba ne, lissafi ya yi

Duk lokacin da aka taso da maganar ƙananan 'yan kasuwar da ba su da rajista, sai ka ji manya suna cewa a wayar musu da kai. Ni dai ban yarda duhun kai ne ba.

Je ka Kwangila a Zariya da asuba ka zauna a bencin mai shayi. Jarinsa duka tebur ne da tukunya da 'yan gwangwanayen madara, sai burodin da ya karɓo bashi, zai biya da yamma. Kafin azahar mai tikiti ya zo ya yanki nasa, ƙungiya ma ta karɓi nata. Wai kuma shi ne ba ya biyan haraji! Ka ce masa ya hau intanet ya yi rajista da hukumar CAC mai yi wa kamfanoni rajista, ya biya kuɗinta, ya kuma sallami yaron da zai cike masa fom. Tambaya ɗaya zai yi maka: Malam, in na yi, me za a ba ni? Wutar lantarki? Rumfar da ba za a rushe ba? Ko bashin banki, wanda sai da jingina, ga kuma kuɗin ruwa da yawancinmu ke gudu saboda addini?

Gaskiya ne dokar kuɗi ta 2019 ta yafe harajin kamfani ga wanda cinikinsa bai wuce naira miliyan 25 a shekara ba. Madalla. Amma mai ɗinkin hula a cikin ganuwar Zariya, ko matar da ke suyar ƙosai a zauren gidanta a Tudun Wada, ina ruwansu da harajin kamfani? Bankinsu adashi ne. A kasuwar Sabon Gari maigida zai ɗora wa yaro kaya ba takarda ba sa hannu, don ya san gidan ubansa.

Da takardun naira suka yi wuya a farkon 2023, ba wanda ya yi wa masu kayan miya gangami, da kansu suka buɗe asusu a waya suka fara karɓar tiransifa, don sun ga tumatirinsu zai ruɓe. Masu POS suka cika kowane lungu daga Samaru har Ƙofar Doka. Shekara na zagayowa, saƙon da ya iso wa masu POS ɗin daga Abuja shi ne wa'adin yin rajista da CAC.