Me sistocin Bompai suka riƙe da mu muka saki?

Duk shekara idan komawa makaranta ta ƙarato sai wannan magana ta taso, amma bana ta wuce gona da iri. Wasu masu rubutu a Facebook da masu yaɗa saƙon murya a WhatsApp sun tasa iyaye Musulmi a gaba, wai duk wanda ya kai 'yarsa makarantar sistoci, wato matan cocin Katolika da suka keɓe rayuwarsu ga hidimar addini, ya sayar da imaninta saboda takardar WAEC. Har akwai masu cewa a fallasa sunayen manyan gari da 'ya'yansu ke St. Louis, makarantar sistoci da ke Bompai a Kano. Tarbiyyar addinin yaro babban al'amari ne, ba mai hankalin da zai yi wasa da ita. Abin da ya ɓata mini rai shi ne, a cikin masu wannan hayaniya ban ga wanda ya tsaya ya tambayi dalilin da ya sa uba mai salla biyar, wanda ya je Makka ya dawo, yake wuce makarantun gwamnati da na kuɗi birjik ya nufi Bompai ba.

A 1948 ne sistocin St. Louis suka iso Kano daga ƙasar Ailan, ƙungiyar tasu kuwa a Faransa aka kafa ta tun 1842. Sun zo a zamanin da Turawan mulki ba sa barin 'yan mishan su yi aiki cikin birni, sai dai a wajen ganuwa. Ke nan aikinsu a garin nan ya girmi Jihar Kano kanta, wadda aka ƙirƙira a 1967. Gwamnoni na soja da na farar hula sun zo sun tafi, an sauya tsarin karatu, an sauya manhaja, makarantar tana nan da sunanta da mutuncinta. Yau ma ba Turawa ne ke riƙe da ita ba, 'yan Najeriya ne, 'ya'yan talakawa irin namu da suka zaɓi wannan rayuwa.

Masu cewa ai kuɗin Turawa ne sirrin abin, su je su duba makarantun gwamnati nawa ne suka ci tallafin ƙasashen waje suka kuma koma gidan jiya.

Sirrin yana jikin matan ne. Mace ba ta zama sista a rana ɗaya. Sai ta yi zaman gwaji, sannan ta shiga horo na musamman wanda dokar cocinsu ta ce kada ya gaza wata 12, sannan ta ɗauki alkawari na wucin gadi na shekara 3 zuwa 6, kafin ta ɗauki na har abada. Alkawuran uku ne: ba za ta mallaki dukiya ba, ba za ta yi aure ba, kuma za ta yi biyayya ga inda aka tura ta. Idan tana da albashi, asusun ƙungiya yake shiga. Ɗakinta yana harabar aikinta ko dab da ita. Idan yarinya ta kamu da zazzaɓi da tsakar dare a ɗakin kwanan ɗalibai, ba sai an buga waya an jira gari ya waye ba. Idan malami ya yi fashin aji, shugabar makaranta ta sani tun kafin a tashi tara. Ba ta neman kwangila, ba ta kamun ƙafa a ma'aikatar ilimi don a mayar da ita makarantar da ke kusa da gidanta, ba ta da ɗan da za ta cusa a aiki. Wannan shi ne abin da iyaye ke biya wa kuɗi, ko sun iya faɗinsa ko ba su iya ba: suna sayen mutumin da zai tsaya a kan yara.

Ban faɗi haka don in ci mutuncin malamanmu ba. Malamar da ke fitowa daga Kurna ko Sheka da sassafe, ta biya adaidaita sahu biyu, ta tarar da aji maƙil da yara a zaune a ƙasa, ga albashin da ba ya kai ta tsakiyar wata, idan ta kawo atamfa da turare ofishin malamai tana sayarwa bashi, ba zan ga laifinta ba. Tsarin ne ya raba mata hankali gida huɗu. A watan Yunin 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi, an kuma ga gyaran azuzuwa, an ga rabon kayan makaranta da kujeru. Madalla da hakan. Amma kwano da siminti ba sa koyar da karatu, kuma har yanzu ban ji muhawara mai zafi a kan yadda za a samar da malamar da makaranta za ta zama ita ce rayuwarta ba. Zafin duk ya tafi wajen zagin iyaye.

A fannin jinya ma labarin ɗaya ne. Ƙungiyar Medical Missionaries of Mary a nan Najeriya Mary Martin ta kafa ta a 1937, kuma ɗaya daga cikin sistocinta, Dakta Ann Ward, ta shafe shekaru masu yawa a Itam ta Jihar Akwa Ibom tana yi wa masu yoyon fitsari aiki. Mu a Kano mun san wannan ciwo, mun san matan da mazajensu suka gudu suka bar su, mun san sashensu a Asibitin Murtala. Wanda ya taɓa zama a Kaduna ya san Asibitin St. Gerard da ke Kakuri, na Jos ya san asibitin OLA na sistocin Our Lady of Apostles, kuma a layin karɓar kati ba a tambayar mutum alƙiblarsa. Hukumar da ke yi wa ma'aikatan jinya da ungozoma rajista ta faɗa a farkon 2024 cewa kimanin 42,000 sun bar ƙasar nan cikin shekara uku. A irin wannan lokaci, matar da ta ɗaure kanta da alkawarin zama inda aka ajiye ta, godiya ta cancanta daga gare mu. Makarantar St. Mary's ta Papiri a ƙaramar hukumar Agwara ta Jihar Neja, inda 'yan bindiga suka kwashe yara sama da 200 a Nuwamban 2025, sistocin Our Lady of Apostles ne ke gudanar da ita. Ma'aikacin gwamnati nawa ne za a tura irin wannan lungu bai nemi hanyar sauyi ba?

Na san abin da za a ce: ai don yaɗa addininsu suke yi. Tabbas don addininsu suke yi, su ma ba su ɓoye ba. To mu don me ba ma yi don namu? Wannan ita ce tambayar da masu saƙon murya ke gudu. Musulunci bai zo da zaman zuhudu na ƙin aure ba, ni ma ba ina kiran 'ya'yanmu mata su bar aure ba ne. Amma hidimar mace ga ilimi da jinya ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Rufaida Al-Aslamiyya tanti gare ta a masallacin Madina tana jinyar waɗanda suka ji rauni, kuma wurinta aka kai Sa'adu ɗan Mu'azu bayan yaƙin Handaƙ. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ta kafa 'Yan Taru, ta naɗa jajoji, dattawan mata da ke ɗaukar karatu daga wurinta su kai wa mata a ƙauyuka, a ƙafa, ba albashi ba alawus. Ta rasu a 1864, fiye da shekara 80 kafin sista ta farko ta St. Louis ta taka Kano. Tsarin yana hannunmu tun kafin su zo, muka sake shi, muka bar sunan Nana a jikin allunan makarantu da ɗakunan kwanan ɗalibai.

Kuma wanda zai yi magana da sunan addini ya kamata ya tuna cewa Alƙur'ani a Suratul Ma'ida ya ambaci malaman Nasara da masu zuhudunsu da cewa ba sa girman kai, kuma Sayyadina Abubakar ya yi wa rundunarsa wasiyya da ta ƙyale waɗanda suka keɓe kansu a wuraren ibadarsu. Wanda ya san wannan ba zai zauna a bayan waya yana tunzura matasa a kan mata marasa makami da ke koyar da lissafi ba. Garin nan ya sha ganin inda irin wannan tunzuri ke ƙarewa, kuma ba masu tura saƙon ne ke kwana a asibiti ba. Idan akwai wanda ke da hujjar an tilasta wa wata yarinya barin addininta, ya kai wa hukuma a bincika. Idan babu, ya ji tsoron Allah. Uba kuwa haƙƙinsa ne ya tambayi kowace makaranta yadda 'yarsa za ta yi salla, da wanda zai koya mata addininta, ya kuma tsaya a kan Islamiyyarta a gida.

Akwai kuma masu cewa a mayar wa mishan duk makarantun da gwamnatoci suka karɓe a shekarun 1970, irin su Queen of Apostles ta Kaduna da ta koma Queen Amina, wai shi ke nan an huta. Wannan lalaci ne kawai aka yi wa ado, domin sistocin da ke ƙasar nan gaba ɗaya ba za su iya ɗaukar yaran Kano ba.

Abin da nake so in gani shi ne wakafi a kan mutane. Attajiranmu na Kwari da Singa ba sa ƙyashin gina masallaci, wani lokaci uku a layi guda, Allah ya saka musu. Amma filin masallaci na huɗu zai iya zama gidan malamai mata a cikin harabar makaranta, da asusun da zai ɗauke musu cefane da kuɗin magani, har da na 'ya'yansu. Muna da zawarawa masu digiri, muna da malamai da nas-nas da suka yi ritaya da sauran ƙarfinsu, muna da FOMWAN, ƙungiyar mata Musulmi ta Najeriya, tun 1985, muna da Hukumar Zakka da Hubusi. A gwada da makarantar 'yan mata guda ɗaya, ko Dala ko Shekara, a ba wa shugabarta gida a ciki, a bar ta shekara goma ba tare da wani ɗan siyasa ya ɗaga ta ba.