Wai katun na yara ne kawai?

Wallahi abin yana damuna, da ka ce za ka kalli katun sai a ce ka koma yaro. Katun fa hanyar yin fim ce, zane a madadin kyamara, labarin kuma na kowa ne. Ku duba Inside Out 2 na 2024, yarinya ce 'yar shekara 13 fargaba ta mamaye ta, ina kallo ina tuna daren jarabawa da bacci ya gagare ni, kuma a shekarar babu fim ɗin da ya kai shi kawo kuɗi a duniya. Grave of the Fireflies na Japan kuwa, 1988, yara biyu yunwa na cinsu lokacin yaƙin duniya na biyu, wannan ban bar ƙanina ya kalla ba.