Ruwan tafkin kan tsauni: garai-garai ba ya nufin na sha ne

Da yawa idan sun ratsa daji suka iso bakin tafkin da ke kan tsauni, sai su tarar da ruwa garai-garai, ana hango tsakuwar ƙasansa ɗaya bayan ɗaya. Nan take su ce ai wannan ya fi kowane ruwa tsabta, su kafa baki su sha. Wannan kuskure ne.

Ido ba ya ganin ƙwayar cuta. Akwai wadda ake kira giyardiya, tana shiga ruwa ta kashin dabbobi da na mutane. Sanyi ba ya kashe ta, tana iya yin watanni da ranta a ciki. Abin da ke ruɗin mutane shi ne ba ta tashi nan take. Sai bayan mako 1 zuwa 2 gudawa da kumburin ciki su taso, an ma manta da tafiyar.

In tafiyar yini guda ce, ka ɗauko ruwanka daga gida. In ya ƙare, tafasa na tafkin na minti 1. Inda tsayi ya haura mita 2,000, a kai minti 3, don can sama ruwa kan tafasa tun bai yi zafi sosai ba.