Kyamara ba ta je wurin tsofaffin 'yan Sawaba ba

A wuraren cajin waya na ƙauyukan Ringim da Gumel, samari na tura wa juna guntayen bidiyon Thomas Sankara. Sun san ya karɓi mulki a watan Agustan 1983, shi ya raɗa wa ƙasarsa suna Burkina Faso, kuma an harbe shi ranar 15 ga Oktoba 1987. Sun sani ne don an ɗauki hotonsa yana magana, daga baya aka haɗa finafinan gaskiya a kansa. Amma ka tambayi yaron nan abin da kakansa ya sha a kan NEPU, jam'iyyar 'yan Sawaba ta su Malam Aminu Kano, sai ka ji tsit.

Wannan na damu na ƙwarai. A birnin Kano aka kafa NEPU ranar 8 ga Agusta 1950, amma a karkara aka fi shan wuyarta. Talakan da aka gani da katin jam'iyya, ɗan doka ya tasa shi gaba, alƙali ya yanke masa bulala ko zaman gidan yari, dagaci kuma ya sa masa ido a lokacin haraji. Gumin waɗannan mutanen ne ya kai ga ranar da gwamnatin Abubakar Rimi ta jam'iyyar PRP, magajiyar NEPU, ta soke haraji da jangali a 1979, lokacin Jigawa na cikin Kano. Yau 'yan kaɗan suka rage, suna zaune a zaure kan buzu, carbi a hannu, ido ya yi rauni amma sunayen ba su ɓace musu ba.

Sai dai ba fim ɗin kirari nake nema ba. Bidiyon Sankara da ke yawo ba ya faɗin cewa gwamnatinsa ta kori malaman makaranta fiye da dubu a 1984 saboda yajin aiki. Namu kada ya bi sahu. In za a nuna Malam Aminu Kano da Gambo Sawaba, a nuna yadda PRP ta dare gida biyu, Santsi da Taɓo, aboki ya daina gaida aboki. A nuna tarzomar Kano ta Yulin 1981 da aka kashe Dakta Bala Muhammad, mai ba Gwamna Rimi shawara kan siyasa. A zauna da ɗan hakimin da ubansa ya sa aka yi kamun, shi ma a ji ta bakinsa.

Masu shirya fim a Kano za su ce ba kasuwa. Wataƙila. Amma ɗaukar murya ba ta jiran mai zuba jari. Malamin firamare mai waya a aljihu zai iya zama da tsohon garinsu bayan la'asar, ya tambaye shi wa ya kama shi, a gaban wane alƙali, nawa ne harajin shekarar. Gidan Mambayya da ke Gwammaja, tsohon gidan Malam Aminu Kano wanda yanzu ke hannun Jami'ar Bayero, shi ya dace ya karɓa ya adana.